Shawarwari kan cin abinci a manyan gidajen abincin Abuja

Waɗanda suka saba da gidajen abincin Maitama da Wuse 2 bakinsu ya zo ɗaya: farashin da ke takardar abinci ba shi ne ƙarshe ba. Sau da yawa akan ɗora harajin VAT kashi 7.5, wani wurin har da kuɗin hidima, don haka a tambaya kafin a yi oda. Daren Juma'a da Asabar a kira tun da rana a kama tebur.

An fi jan kunne kan miyar Turawa, domin wata da giya ake haɗa ta. A tambayi ma'aikaci kai tsaye, ba abin kunya ba ne. Naman shanu kuwa, a ce a gasa shi sosai, in ba haka ba cikinsa da ja-ja zai zo. A riƙe katin banki biyu, POS kan ƙi karɓa.