Kuɗin tikitin kasuwar Maradi, ina suke zuwa?

Mai Teburin Tumatir: Salamu alaikum ƴan zaure. Yau raina a ɓace yake. Kullum da hantsi mai tikiti zai tsaya a kaina, in miƙa dala ashirin, ko na yi ciniki ko ban yi ba. Jiya ruwa ya sauka, magudanar da ke gaban teburina ta toshe da leda, ruwa ya kwashe mini kwando biyu. Mu ƴan gari ke biya, baƙi su cika gari da shara su tafi. Kasafin kuɗin garin nan ba don talaka ake yin shi ba.

Malamin Makaranta: Allah ya mayar da alheri, ƙanena. Amma kasafin gari kashi biyu ne: na tafiyar da aiki, wato albashi da man mota da wutar ofis, sai na ayyukan raya gari. Tikitinka da lanho (haraji) da fatanti (harajin sana'a) duk tukunya ɗaya suke faɗawa, ba a ware naka a ce na magudanarka ne. Abin tambaya shi ne nawa ke saura bayan an biya albashi.

Ɗan Tibiri: Dakata Malam. Su wa yake kira baƙi? Mu da ke shigowa da kaya tun asuba?

Mai Teburin Tumatir: Ban kama sunan kowa ba.

Ɗan Tibiri: Ka kama. Buhun gero ɗaya ba ya sauka a kasuwa sai na biya kuɗinsa. In mun daina zuwa mako guda, me za ka ɗora a teburin?

Ɗan Bagalam: Mai tebur gaskiya ya faɗa, ɗan gari daban, baƙo daban. Kakanninmu suna nan tun garin yana bakin gulbi, kafin ambaliyar 1945 ta sa aka hau tudu.

Hajiya Mai Atamfa: Kai yaro, bi a hankali. Har yau Sarkin Katsina ake ce wa sarkinmu. Daga Katsina aka taso bayan jihadi, aka tarar da mutane a wurin. In ana tonon baƙunta, ba wanda zai sha.

Ɗan Bagalam: Hajiya, da girmanki, shekara ɗari biyu ba baƙunta ba ce.

Ɗan Kabu-kabu: Ni a unguwar Zariya aka haife ni, babana daga Dakoro ya zo. To ni mene ne? Ina biyan takardun babur kamar kowa.

Malamin Makaranta: Jama'a, mu koma kan kuɗi. Tun watan Afrilun 2024 aka rushe majalisun garuruwa a ƙasar nan ta Nijar, kantomomi ke riƙe da su. Da ƴan majalisa ke zama su kaɗa ƙuri'a kan kasafi. Yanzu ta wace ƙofa mai tebur zai shigar da kukansa?

Ɗan Bagalam: Da ake da zaɓaɓɓun, me suka tsinana? Malam, mun san inda ka dosa, jam'iyyarku kake kewa.

Malamin Makaranta: Ban taɓa riƙe katin jam'iyya ba, Allah shaida.

Hajiya Mai Atamfa: A bar siyasa. Lokacin Maradi Kwalliya, shirin ƙawata gari, a 2015 an yi tituna, an sa fitilu, kowa ya gani. Amma yi daban, kulawa daban. Kuma baƙin da kuke zagi, da aka rufe iyaka a 2023 ba a shigowa ta Ɗan Isa, ni na san kwana nawa na yi ban yanka yadi ɗaya ba. Kasuwa ta mutu, tikitin ma wa zai biya?

Ɗan Tibiri: Allah ya saka, Inna. Ya janye kalmar kawai.

Mai Teburin Tumatir: Ba zan janye ba. Kwanduna biyu suka tafi, ba wanda ya tambaye ni nawa na yi asara, sai baƙo baƙo kuke ta yi.

Ɗan Kabu-kabu: Ledar da ta toshe magudanar, ba a cikinta kake ƙulla wa mutane tumatir ba?

Mai Teburin Tumatir: Kai kuma hayaƙin babur ɗinka fa?

Shugaban Zaure: Ya isa haka, dare ya yi. Abin da na fahimta: yawancinmu mun yarda kalmar baƙo ba ta dace ba, Hajiya ta kawo hujjar da ba a iya turewa. Ni kaina mahaifiyata ƴar Madarunfa ce, kuma ba wanda zai ce mini ban isa magana a Maradi ba. Batun majalisa da Malam ya kawo siyasa ce, ba a yin ta a nan. Wanda ya buɗe maganar ya nemi afuwar ɗan'uwanmu na Tibiri kafin sallar asuba, in ba haka ba zan cire shi na kwana uku.