Mai yawan zullumi, bangaskiyarsa ce ta yi rauni?

Maman Tagwaye, Zuru:

Salamar Ubangiji a gare ku. Akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, gaban fasto kuma kunya ta hana ni faɗa.

Ni dai kullum mugun abu nake hange, tun ina yarinya. In Baban Tagwaye ya hau babur zuwa gonarmu ta wajen Ribah, ƙarfe biyar ta yi bai dawo ba, to a zuciyata na riga na binne shi, har na fara lissafin kujerun zaman makoki. Tun watan Yunin 2021 da aka kwashe ɗalibai a Birnin Yauri na haɗa jaka na tura ƙarƙashin gado: takardun makarantar yara, garin kwaki, tocila da zani biyu. Babbar 'yata ta ci jarabawar makarantar kwana, na hana, tana jeka-ka-dawo.

Ranar Talata a zumuntar mata aka karanta Matiyu 6, inda Yesu ya ce a dubi tsuntsaye. Bakina ya suɓuce na ce ai su fukafukai gare su, in 'yan bindiga sun shigo tashi za su yi. Aka yi dariya, amma wata mama ta ce damuwa zunubi ce, alama ce ban dogara ga Allah ba. Na tafi da kaya ɗaya na dawo da biyu, yanzu har damuwar ma damuna take yi. Ina addu'a, ina azumi, shekara 11 ina cikin ƙungiyar mawaƙa. Shin ana iya zama Kirista na gaske da irin wannan hali?

Ɗan Bishara, Yauri:

Anti, kada a yi miki daɗin baki. Filibiyawa 4:6 umarni ne, ba shawara ba: kada a damu da komai, a kai wa Allah cikin addu'a da godiya. Wannan jakar kin mai da ita abin dogaro. Ki kwance ta, ki ƙara azumi.

Tsohon Dattijo, Dabai:

Ɗana na Yauri, ayar gaskiya ce, amma Manzo Bulus da ya rubuta ta yana ɗaure ne a kurkuku, kuma shi Bulus ɗin ya gaya wa Korintiyawa cewa damuwar ikilisiyoyi tana kansa kullum. Ashe ya san abin daga ciki.

'Yata, ki buɗe Yohanna 11:16. Da Yesu ya ce su koma Yahudiya wurin abokinsa Li'azaru da ya mutu, inda aka so jifan shi Yesun ba da daɗewa ba, Toma ne ya ce wa sauran almajirai su tashi su je su mutu tare da shi. Bai hango mu'ujiza ba, mutuwa ya hango. Amma ya ɗaure takalminsa ya bi. Ni wannan ne ma'aunina, ba abin da zuciya ke hasashe ba. Bayan tashin Ubangiji ma sai da Toma ya ce sai ya gani, Yesu kuwa bai kore shi ba, bayan kwana takwas ya dawo ya nuna masa hannuwansa.

Maganar jaka kuma, da Nehemiya yake gina garun Urushalima maƙiya na barazana, addu'a suka yi, suka kuma sa masu tsaro dare da rana, duka a aya guda (4:9). Yusufu ya tara kashi ɗaya cikin biyar na amfanin Masar shekara bakwai, ba wanda ya kira shi marar bangaskiya. Mu nan wa ya taɓa zargin mai rumbu? Na shekara 40 ina noma, ban taɓa cinye dawar iri ba don tsuntsaye ba su da rumbu. Inda zan ja miki kunne shi ne binne mijinki da kike yi kowace yamma. Jaka an haɗa an gama, ta yi aikinta. Zaman makokin nan ba ya tsare shi a hanya, ke kawai yake ci. In biyar ta yi, maimakon lissafin kujeru, ki karanta Zabura 88 da ƙarfi. Ita ce ta ƙare a cikin duhu ba tare da wani daɗi a ƙarshe ba, kuma Allah ya bar ta cikin littafinsa don irinmu.

Batun yarinya da makarantar kwana ban ce miki komai ba. Nima jikata a gida take kwana.

Nas Mai Aikin Dare:

Yaya, tambaya ɗaya: kina barci? In kin yi makonni kina farkawa ƙarfe biyu gaba na faɗuwa, abinci ba ya shiga, ki je asibiti a gwada jininki, ki kuma gaya wa likita zancen zullumin, kada ki tsaya ga “kaina ke ciwo”. Akwai damuwar da ta zama ciwo, tana da magani. Da annabi Iliya ya gudu daji ya roƙi mutuwa, mala'ika bai fara da wa'azi ba, ya tashe shi sau biyu ya ci abinci, ya bar shi ya yi barci.

Maman Tagwaye, Zuru:

Na gode muku, har ƙanena na Yauri, ko da yake jakar tana nan, garin kwakin kawai na canja don ya fara wari. Nas, kin kama ni, na je an gwada, jinin ya hau, an ba ni magani. Baba, jiya na bi shawararku. Bai shigo ba sai bakwai saura, taya ce ta yi faci. Na karanta Zaburar sau biyu, kujerun ma na ɗan lissafa, amma ban kai ga zaɓen waƙa ba.