Wane Suna Za Mu Ba Jan Tauraron Da Haskensa Ke Ƙaruwa Yana Raguwa?

Salamu alaikum, malamai da 'yan'uwa masu kishin harshe. A sararin samaniya ta kudu akwai wani tauraro da masana ke kira R Doradus, wanda haskensa ke yin kimanin shekara 180 kafin ya iso gare mu, kuma faɗinsa ya ninka na rana kusan sau 350. Ja ne, kuma haskensa yakan ƙaru, ya ragu, ya sake ƙaruwa cikin watanni. Na daɗe ina neman sunan da ya dace da irinsa a Hausa, ga kuma inda tunanina ya tsaya.

An fara ba ni shawarar "tauraro mai ƙyalƙyali", na ƙi, domin ƙyalƙyalin da ido ke gani iskar duniyarmu ce ke haddasa shi, kuma kowane tauraro yana yi.

"Tauraro mai sauyin haske" ba kuskure ba ne, sai dai rigar ta yi masa yawa. Algol, wanda Larabawa suka sani da Ra'asul Gul, shi ma yakan dushe duk bayan kusan kwana uku, alhali jikinsa bai canja ba. Abokin zagayensa ne ke giftawa tsakaninmu da shi, tamkar husufi. Saboda haka a bar wannan suna ya zama na dangin baki ɗaya.

Wani malami ya kawo "mai bugu", wato kamar bugun zuciya. Matsalarsa ita ce kunnen Bahaushe yana jin gaggawa a cikin bugu, waɗannan taurari kuwa ba sa sauri. Mira, ɗaya daga cikinsu, wanda masanin taurari David Fabricius ya lura da shi a 1596, yana ɗaukar kwana 332 kafin ya kammala zagaye ɗaya, kuma yakan ɓace wa ido na tsawon watanni kafin ya dawo.

Abin da ke faruwa a zahiri shi ne jikin tauraron ne ke kumbura yana motsewa. Idan ya motse, wani sashe na cikinsa yakan tare zafi ya hana shi fita, zafin ya tura jikin waje har ya kumbura, sannan ya huce, nauyinsa ya jawo shi ya koma ciki, a sake sabon lale. Jansa ma alamar ƙarancin zafi ce, abin da duk wanda ya taɓa zama a maƙera ya sani: ƙarfe yakan fara yin ja, sai wuta ta ci shi sosai yake komawa fari. Wannan hoton ya sa na so in ce "mai zugazugi", don salkar tana cika tana lotsewa, garwashi yana tashi yana kwanciya. Na janye ne da na tuna cewa zugazugi hannun wani ke motsa shi, motsin tauraron kuwa daga cikinsa yake fitowa.

Don haka na zaɓi "jan tauraro mai numfashi", jam'insa "jajayen taurari masu numfashi". Numfashi yana tafiya a hankali, yana maimaituwa, ƙirji ya ɗaga ya sauka ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Mai cewa tauraro ba shi da rai ya yi gaskiya, amma mun daɗe muna cewa "tauraro mai wutsiya" ba wanda ya ɗauke shi dabba, kuma waɗannan tsofaffin taurari da gaske suna fesar da iska da ƙura zuwa sarari.

Mai son ganin R Doradus daga Kano ya dubi kudu sosai da dare a watan Janairu. Ba ya tashi sama da digiri 16 daga inda sama ta haɗu da ƙasa, kuma sai ranar da hazo ya lafa, a wajen gari inda babu fitilu.