Wace kalma za mu ba "great circle" a Hausa?

'Yan uwa masu fassara da malaman labarin ƙasa, ga wata kalma da ya kamata mu tsayar mata da Hausa. Da ita ake auna nisan da ke tsakanin filayen jiragen sama biyu, kuma duk wanda ya taɓa kallon allon da ke bayan kujerar jirgi ya ga aikinta. Jirgi ya tashi daga Niyok zai je Tokiyo, maimakon ya miƙe yamma sai ka ga layin ya lanƙwasa ya haura arewa, ta Kanada da Alaska, har mutum ya zaci zagaye ake yi da shi.

Ba zagaye ba ne. Shimfiɗaɗɗiyar taswira ce ke yaudarar ido, domin duniya mulmulalliya ce. Ɗauki taswirar duniya irin ta ƙwallo, ɗora zare a kan biranen biyu, ka ja shi ya miƙe sosai. Inda zaren ya kwanta, nan ce hanya mafi kusa. In ka zarce da shi har ya kewayo, zai raba duniya gida biyu daidai wa daida, kewayen kimanin kilomita 40,000. Wannan kewayen shi ake kira "great circle" a Turanci.

An kawo shawarar a ce "babbar da'ira". Ba ta da laifi a ajin lissafi, kuma ina ganin a bar ta can. Amma matafiyi yana jin da'ira zai fahimci zagaye, wato akasin abin da ake nufi. "Kai tsaye" kuma mun riga mun ba jirgin da ba ya yada zango.

Ni dai "hanyar yanke" ce ta kwanta min. Bahaushe ya san yanke tun da daɗewa, ba sai an yi masa dogon bayani ba. A ambato na farko a ce "hanyar yanke ta doron duniya", daga nan a taƙaita. Tazarar kuma a kira ta "nisan yanke".

Wani ɗan uwa ya ce ai mai bin yanke shi ke riga kowa isa, jirgi kuwa ba kullum ba. Maganarsa gaskiya ce, shi ya sa nake so mu ɗaure kalmar a kan nisa kawai, kada ta shiga batun lokaci. Tsakanin Niyok da Landan kimanin kilomita 5,550 ne ko ta wane ɓangare ka taso, amma zuwa Landan kan ci wajen awa 7, dawowa wajen 8. Dalili shi ne iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas a can sama. Matuƙa kan bar yanke da gangan don ta tura su, ko don su kauce mata. A watan Fabrairun 2020 ta tura wani jirgin British Airways ya isa Landan daga Niyok cikin awa 4 da minti 56. Akwai kuma siyasa: tun da Rasha ta rufe sararin samaniyarta ga jiragen Turai a 2022, tafiyar Helsinki, babban birnin Finland, zuwa Tokiyo ta tashi daga wajen awa 9 zuwa wajen 13, alhali biranen suna nan inda suke.

Ga yadda za ta zauna a labari: "Nisan yanke tsakanin Singafo da Niyok ya haura kilomita 15,300, kuma jirgi kan yi fiye da awa 18 a sama." Ku karanta ta da baki ku ji. In akwai inda harshe ya sarƙe, ku faɗa mu gyara kafin ta shiga ƙamus.