Muhawara: a haddace kalmomi masu wuya kafin a buɗe littafi, ko a tarar da su a ciki?

Malamin Hausa, Ƙofar Kaura:
Assalamu alaikum. Ra'ayina shi ne, kuskure ne a miƙa wa ɗalibin sakandare littafi irin Gandoki alhali ba a rubuta masa kalmominsa masu wuya ya haddace su ba tukuna. Malam Bello Kagara ya rubuta shi ne don gasar da Hukumar Fassara ta shirya a 1933, aka buga shi a 1934, kuma labarin ya taɓo yaƙin Turawa da Kwantagora a zamanin Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse, don haka harshensa na dawaki ne da makamai. Yaron yau bai san bambancin sulke da lifidi ba, idan kuwa ya yi tuntuɓe da irinsu a shafin farko, sai ya ajiye littafin ya ce Hausar ta fi ƙarfinsa. Shi ya sa nake cika allo da kalmomi a makon farko, su kwafa, ranar Juma'a in gwada su.

Malamar adabi, Daura:
Wa'alaikumus salam. Malam, na yarda da damuwarka, amma ban yarda da maganinka ba. Na sha karɓar yaran da suka biyo ta wannan hanya, za su faɗa maka cewa lifidi rigar kariya ce ta yaƙi, amma idan ka ce su kwatanta maka yadda take, sai su yi tsuru-tsuru. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, waɗannan yara sun ga abin da idanunsu. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon Hawan Magajiya a nan Daura, ko hawan Sallah a Ƙofar Soro ta fadar Katsina, ya ga 'yan lifida sun wuce, doki da mahayinsa an lulluɓe su da tufa mai kauri da aka cusa wa auduga aka ɗinke, kwalkwali a ka, sannan ya ga 'yan sulke da rigarsu ta ƙananan zobban ƙarfe tana walƙiya a rana. Suna ne kawai ba a haɗa masa da abin ba. Idan ya iske kalmar a tsakiyar labari, lokacin da zuciyarsa ke son sanin ko jarumin zai tsira, bayani ɗaya ya ishe shi har abada.

Tsohon hedimasta, Ƙofar Sauri:
Allah ya yi muku albarka duka. Ina so ku tuna cewa koyon lugga, wato sanin kalmomi da ma'anoninsu, ba baƙon abu ba ne a Katsina. A makarantun zaure, ɗalibi yakan ja baƙi gaɓa-gaɓa, malam yana fassarawa, kuma ko littattafan da ake karantawa musamman don tara kalmomi, kamar Muƙama ta Hariri da Ishiriniya, ba a ciro kalmominsu a jera su a gefe ba, a wurin zamansu ake warware su. Wannan ya sa na fi karkata ga Malama. Sai dai ina da sharaɗi: a koya wa yara buɗe ƙamus da kansu. Ƙamus ɗin Bargery ya fito a 1934, shekara ɗaya da littafin da kuke magana a kai, yana kuma nuna kalmar da ta keɓanta da Katsina ko Sakkwato, amma bayaninsa da Turanci ne. Wanda Jami'ar Bayero ta fitar a 2006 Hausa ce zuwa Hausa, shi ya fi dacewa da aji.

Ɗalibar sashen Hausa, Dutsin-Ma:
Baba, Allah ya ƙara girma, ina neman izinin sa baki. Ni ta hanyar Malam na taso, kuma ba zan ce ba ta amfane ni ba, domin ita ta ba ni ƙarfin zuciyar gama littafin. Amma kalmomin da suka zauna mini har yau su ne waɗanda na kai wa kakata, ita kuwa takan ba ni amsa haɗe da labari.

Malamin Hausa, Ƙofar Kaura:
Baba, maganarka abar ɗauka ce, amma malamin zaure yana fuskantar ɗalibi ɗaya ne a lokaci guda, ni kuwa ajina cike yake maƙil, yara da dama suna leƙen kwafi ɗaya, ƙamus kuma babu ko guda a makarantarmu. Ga jarrabawar NECO tana tafe, mai duba takarda ba ruwansa da ko yaro ya taɓa kallon hawa. Sannan Malama ta zaɓi kalmomin da ake iya gani da ido ne. Yaya za a yi da na Larabci, da sunayen sarautu, da karin maganar da ta daina yawo a bakin mutane?

Malamar adabi, Daura:
Tambayarka tana kan hanya, Malam, kuma a nan zan sassauta. Irin waɗannan a yi bayaninsu kafin karatu, amma na babin da za a karanta ranar kaɗai, kuma kada su wuce kaɗan, domin yaro ya tarar da su tun bai manta ba. Sauran kuwa su yaran ne za su tsamo su, kowa ya rubuta kalma tare da jimlar da ta zo a ciki, ya kai gida ya tambayi manya, washegari a tattauna. Ka gwada haka a aji ɗaya wannan zangon, ɗayan kuma ka bar shi a kan tsarinka.

Malamin Hausa, Ƙofar Kaura:
Na amince zan gwada a aji ɗaya, amma gwajin Juma'a yana nan a duka biyun. Baba, idan kana da ƙamus ɗin Bayero a gida, ina roƙon aronsa zuwa ƙarshen zango.