Awon tsayin dabbobi a bango, wa ya taɓa yi?

Maman Ilham: Salamu alaikum. Tun da muka dawo daga gidan namun daji na Wildlife Park Ilham ta dame ni, wai ita da kura wa ya fi tsayi. So nake in zana musu dabbobi a bangon falo, kowacce da tsayinta na gaskiya, yaro ya jingina ya gwada kansa. Fenti zan yi ko bana, wato hoton leda, zan buga?

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam. Kura ba ta kai mita 1 a kafaɗa ba, Ilham ta ci gasa.

Anti Larai: Ƙanwata, in bana ce ki tsaya a kan masu bugawa har su gama. Bara na kai aiki wani shago wajen Taminus, na rubuta musu komai a takarda: zaki mita 1.2, jimina 2.5, jaki mita 1. Yaron da ke kan kwamfuta ya ja hoton don ya cika leda, bai faɗa min ba. Da muka kafa a aji na ɗauko tef ɗin tela, sai ga jaki ya kusa kamo jimina, zaki ya yi faɗi kamar tabarma. Yara har sun fara haddacewa, wannan ya fi kuɗin ƙona min rai. Na koma, wai ai ya yi kyau a ido. Ƙarshe kwali na yanka, na ja layin santimita da kaina daga siminti zuwa sama. Ki fara da layin, dabba ta biyo baya.

Maman Ilham: Kai, sannu Anti. To raƙumin dawa fa?

Malam Ɗanjuma: Babba yana haura mita 5, silin ɗinki da ƙyar ya kai 3. Ki zana jaririnsa, ana haihuwarsa da wajen mita 1.8, ya fi yawancinmu.

Maman Biyu: Ya fi Baban Khalifa dai 😂

Baban Khalifa: Hajiya, ni me na yi miki da safen nan?

Goggo Asabe: Mu raƙumin daji muka taso muna ji.

Malam Ɗanjuma: Duk ɗaya ne Goggo. Amma a lura, giwa da doki a kafaɗa ake aunawa, jimina da raƙumin dawa har ka. A rubuta wannan a ƙasa, kada yara su rikice. Toron giwa irin na Yankari yana kai mita 3 a kafaɗa.

Anti Larai: Ki sa akuya da kaza, su yaro ya sani, da su zai kwatanta sauran.

Maman Biyu: Mai gidan haya zai yarda da fenti kuwa? Namu ko ƙusa ba ya so.

 

Maman Ilham: Anti, kwalin da me kika manna shi, kada ya ɓare fenti?