Neman bayanan kakannin da suka je yaƙin Burma

Daga Zariya: Assalamu alaikum. Wanda kakansa ya je yaƙin Burma, ta ina zai fara neman bayaninsa?

Daga Kaduna: Wa'alaikumus salam. Malam, kafin ka je ko'ina, a buɗe tsohuwar adakar gida. Lambar sojansa ake nema. Ta 'yan Najeriya da NA take farawa, ta mutanen Ghana da GC, kuma tana jikin littafin sallama da takardun fansho. Suna kaɗai ba ya kai mutum ko'ina, domin wurin ɗauka akawu yakan rubuta sunan yanka ya liƙa masa garinsu: Audu Kano, Garba Bauci. Irinsu barjat a kowace bataliya. Ga rubutun Turawa, Mamman ya koma Momo, Usman ya koma Osuman. A gwada kowanne.

Daga Kano: Kada a dogara da minda. Burma Star da War Medal ba a zana musu suna ba, ba kamar na yaƙin 1914 ba, masu suna da lamba a jiki. Ta jarunta kuwa, irin Military Medal, tana da suna. In akwai ta, takardar da ta bayyana bajintar da ya yi tana rukunin WO 373 na gidan adana tarihin Birtaniya da ke Kew, ana nemanta ta intanet.

Daga Jos: Hajiya ta Kano ta faɗi gaskiya. A tambayi tsofaffin gida wuraren da yake ambata. In kwarin Kaladan ne, galibi runduna ta 81 ta sojojin Afirka ta Yamma ke nan. In garin Myohaung ne a Janairun 1945, ta 81 da ta 82 duk sun halarta, sai an ƙara bincike. Littattafan da kowace bataliya ke rubuta al'amuranta kullum suna rukunin WO 172 a can Kew, na zaman Afirka ta Yamma kuwa WO 173. Amma kada a sa rai da yawa: hafsoshi suke ambata, farabiti sai in ya rasu, ya ji rauni ko ya yi fice. Za dai ka san inda suka kwana da ranar da aka gwabza.

Wanda bai dawo ba, a duba shafin CWGC, hukumar kula da kaburburan sojojin ƙasashen Commonwealth, da lambarsa. Waɗanda ba a san kabarinsu ba, sunayensu na bangon tunawa na Rangoon, cikin maƙabartar Taukkyan a ƙasar Burma.

Daga Kaduna: Mu ma nan gida akwai. A gidan adana tarihi na Kaduna a nemi fayilolin lardi kan ɗaukar soja da tsofaffin sojoji, sannan tsofaffin kofen Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta riƙa buga wasiƙun sojoji.

Daga Maraɗi: Namu kakannin sojan Faransa suka yi, hanyarmu daban. Wanda ya mutu a fagen daga, a duba Mémoire des hommes, shafin intanet na ma'aikatar sojan Faransa. Wanda ya dawo, a rubuta wa cibiyar takardun soja ta garin Pau a Faransa, a haɗa da lambarsa da shekarar da aka ɗauke shi.